Na'urar juya kaset zuwa MP3, da muryar Kawu Saje da ta fito mana da ita

Na'urar ba ta fi tafin hannu ba, jikinta roba ce zalla, kamarta ɗaya da ƙananan rikodan da ake maƙalawa a ƙugu a da. Ana sa mata batir biyu ƙirar AA ko a jona ta da wayar USB, a saka kaset, a soka filashi a gefenta, a danna maɓallin ɗauka, sai ta riƙa kwashe abin da ke zaren zuwa MP3 ba sai da kwamfuta ba. Kamfanoni barjat ke sayar da ita, suna ne kawai ya bambanta, don haka ba zan kama sunan kowa ba. Mai son juya waƙoƙi kada ya wahalar da kansa. Wanda kuwa yake da muryar tsohonsa a cikin kwali, ya nemi irinta tun zaren bai lalace ba.

Ni saboda Kawu na saye ta, yayan mahaifiyata, Allah ya jiƙansa. Tsohon soja ne, da igiya uku ya yi ritaya, shi ya sa har ya koma ga Mahaliccinsa ba a kiransa sai Saje. Da aka zo kwashe ɗakinsa aka tarar da kwali cike da kaset, C60 da C90, ya yi wa kowane rubutu da manyan baƙaƙe irin na rajistar barikin soja. Ashe shekara da shekaru in ya idar da sallar Asuba yakan kunna rikoda ya yi ta magana shi kaɗai.

Abu na farko da mai saye zai sani: ba ta da sauri. Zaren kaset, tun da kamfanin Philips ya fito da shi a 1963, santimita 4.76 yake tafiya a daƙiƙa, kuma da wannan tafiyar na'urar take ɗauka. Kaset ɗin C90 minti 45 ne kowane gefe, to minti 45 za ka zauna. Da farko abin ya gundure ni. Daga baya na ga amfaninsa, domin da tana kwashewa cikin ƙiftawar ido da na jibge fayilolin a waya ban saurara ba. Haka na sa iyafis na ji Kawu tun daga bismillah har ƙarar maɓalli.

Kaset ɗin farko-farko labarin Kwango ne. Yana cikin rundunar kiyaye zaman lafiya da Majalisar Ɗinkin Duniya ta tura can bayan ƙasar ta sami 'yanci a ƙarshen Yunin 1960, sojojinta suka yi bore, lardin Katanga ya ɓalle ƙarƙashin Moise Tshombe. Rundunar ta kusa kai mutum 20,000, ba ta janye ba sai 1964. Yana ambaton babban birnin ƙasar da tsohon sunansa, Leopoldville, bai taɓa cewa Kinshasa ba. Ya faɗi yadda barikin ya yi tsit da labarin faɗuwar jirgin Dag Hammarskjold, Babban Sakataren Majalisar, kusa da garin Ndola na Zambiya ta yau a Satumbar 1961 ya iso musu. A nan na'urar ta yi abin a yaba: maganar ta fito garau, har ana jin ƙwayar carbinsa tana bugun 'yar'uwarta a ƙarƙashin muryar. Akwai shuu ɗin nan na zare, amma bai danne kalma ko ɗaya ba.

Sai na zo kan waɗanda ya rubuta wa GIYA kawai. Lokacin zaman makoki kowa ya zo abin da yake faɗa ɗaya ne: mutumin sahun farko, mutumin da ladan ke tararwa a ƙofar masallaci, mai azumin Litinin da Alhamis. Duk gaskiya ne. Ba wanda ya ambaci shekarun da ya yi a cikin kwalba, mu yara ma a kaikaice muke jin zancen. Shi da bakinsa bai ɓoye komai ba. Ya ce a mes, wurin ci da sha na sojoji, ya koya, don ya samu barci bayan abin da idonsa ya gani a hanyoyin Katanga, ya dawo gida da ita, ta cinye albashi, ta kori matarsa ta fari, ta hana shi ƙarin girma. Ya kwatanta kwanakin da ya ajiye ta: hannu na rawa har ba ya iya riƙe buta, zufa ta jiƙa shimfiɗa, dare ya ƙi ƙarewa. Wani abokinsa na soja ne ya tare a ɗakinsa yana tsaronsa, in lokacin salla ya yi ya ɗaga shi.

Abin da ya fi maimaitawa shi ne jerin ayoyi uku. Ta 219 a Baƙara, wadda ta ce zunubin giya ya fi amfaninta girma. Ta 43 a Nisa'i, wadda ta hana kusantar salla cikin maye. Sai ta 90 a Ma'ida, wadda ta ce a nisance ta. Ya ce in har sahabbai mataki-mataki aka raba su da ita, bai ga dalilin da zai sa a tofa wa mashayi yawu ba. A kama hannunsa dai. Haka ya yi sama da shekara arba'in, bai sake kurɓa ba, kuma bai taɓa cewa ya warke ba. Kullum da safe yakan roƙi Allah tsarin yinin nan kaɗai.

A daidai waɗannan kaset ɗin ne na'urar ta nuna babban aibinta. Tana da tsari biyu, na hannu da na kai-tsaye. Na kai-tsayen an yi shi ne don waƙa: da ta ji shiru na 'yan daƙiƙu sai ta rufe fayil ta buɗe sabo. Kawu kuwa in ya zo wurin da ke masa nauyi yakan yi shiru mai tsawo kafin ya ci gaba. Sai ta daddatsa labarin ranar da matarsa ta kwashe kayanta gunduwa-gunduwa, wani wurin har ta haɗiye farkon kalmar da ta biyo bayan shirun. Duk mai juya magana ya bar ta a tsarin hannu, gefe ɗaya fayil ɗaya. Shirun ma na cikin labarin.

Sauran aibobin ƙanana ne, amma suna nan. In batir ya fara sanyi muryar takan yi kauri ta riƙa lilo, har Kawu ya koma kamar wanda ya sha abin da yake gargaɗi a kai, saboda haka a riƙa sa sabo. Da na jona ta da cazar waya sai wani gurnani ya shiga ɗaukar. Da batir ko fawa-bank ban ji shi ba. A tawa, abin murɗa sauti shi ne ke ƙayyade ƙarfin ɗaukar, in aka ƙure shi magana ta fashe. Murfin kaset ɗin sakwaf yake. Fayilolin kuma lamba kawai take ba su, in ba ka sake musu suna nan take ba, ka shiga uku wajen gane wane ne wane.

Kafin a saka tsohon kaset, a zura fensir a murza zaren ya ɗame, a duba ɗan soson da ke tsakiya ko yana nan, domin in ya faɗi sauti ba zai fito daidai ba. Lokaci-lokaci a goge kan na'urar, wato ɗan ƙarfen da ke karanta zaren, da auduga da ɗan sifirit. Na tabbata da Kawu ya ga barasa ce ke wanke hanyar muryarsa da ya yi dariya har da tari. Mai kwamfuta zai iya rage shuu ɗin da manhajar Audacity, kyauta ce, amma da sauƙi-sauƙi. In aka matsa, numfashi da ƙarar carbi duk tafiya suke yi.

Umma ta so a bar na giyar a gida, a tura wa dangi na Kwango da na addu'o'i kaɗai. Na ce, "Umma, ki yi haƙuri ki saurari ƙarshen wannan." A nan ya yi wasiyya cewa duk yaron gidan da aka ga ya fara kauce hanya a sa masa ya ji. Ta saurara, ta ce a tura duka.

Kaset ɗin da zarensu ya tsinke ko ya yi fumfuna ban sa mata su ba, injinta ba shi da taushin da zai ja su. Na ware su zan kai wa masu wannan sana'a, sauran kuma na adana kwafi a filashi biyu daban-daban da ɗaya a intanet.