Ajin Turanci na bayan la'asar a zauren wani tsohon malami

Da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye Maiduguri ranar 10 ga Satumba, 2024, ni mutanen layinmu a Gwange suka ɗora wa rubuta takardun neman agaji, tunda ni ne sakataren ƙungiyar unguwa. Takardun kuwa sai da Turanci. Na rubuta huɗu, kuma kalmar "problem" ce ta cika kowacce. Katangar da ta faɗi problem, rijiyar da ta gurɓace problem, tsohuwar da ta rasa komai ita ma problem. Abin ya ci min rai, don da Hausa ina da bala'i da ibtila'i da ƙunci da tsautsayi, kowanne da nauyinsa, amma da Turanci kalma ɗaya tal nake juyawa.

Wannan ne ya kai ni ajin wani malamin sakandare da ya yi ritaya. A zauren gidansa yake koyarwa, Asabar da Lahadi bayan la'asar, naira dubu biyar a wata. Wata uku na yi.

Ba ya fara wa mutum da Turanci. In ka kawo jimla sai ya ce, "Ɗana, faɗa min da Hausa tukuna." Sai ka faɗa, sannan ya zana tsani a allo ya tambaye ka a wane mataki abin yake. A can ƙasa akwai "inconvenience", irin a ɗauke wuta kana tsakiyar guga. Sama kaɗan "nuisance", abin da ke damun mutum kullum, kamar sauro ko ƙarar janareton maƙwabci. Sai "setback", wato cikas ko koma-baya a aikin da ka riga ka faro. Sai "hardship", ƙuncin rayuwa mai daɗewa, rashin abinci ko muhalli. A ƙololuwa "disaster" da "catastrophe", wato babban bala'i.

Darasin da ya fi shiga raina shi ne na "mishap". Na fassara shi da tsautsayi, na yi amfani da shi a kan mutumin da ruwa ya ci. Malam ya ajiye alli ya ce mu tsaya. Tsautsayi a wurinmu yana ɗaukar har rasa rai, amma "mishap" ƙaramin abu ne, kamar miya ta zube a riga ranar biki. In Bature ya ga an kira mutuwa da wannan kalma, zai ɗauka ka raina mamacin. Jikina ya yi sanyi, don na tuna na taɓa aika takarda da irin wannan kuskure.

Yana kuma ba da asalin kalma, abin da ke sa ta zauna a ƙwaƙwalwa. "Ordeal" daga tsohuwar shari'ar Ingila take, inda ake sa wanda ake tuhuma ya riƙe jan ƙarfe mai zafi don a gane gaskiyarsa; shi ya sa ake amfani da ita ga azabar da mutum ya sha da jikinsa na wani lokaci, kamar waɗanda suka kwana a kan rufi suna jiran kwalekwale. "Disaster" kuwa tana da alaƙa da tauraro, wato camfin cewa mugun tauraro ne ke jawo wa mutane bala'i. Ya raba mana "dilemma" da "predicament": ta farko gaba kura baya sayaki, zaɓi biyu duk ba daɗi, ta biyu halin ƙaƙa-ni-ka-yi. "Plight" kuma galibi halin wasu ake bayyanawa da ita, don a tausaya musu.

Ajin yana da nasa gazawar. Babu takardar darasi ko ɗaya, sai abin da ka kwafa daga allo, in ka makara an goge. Mun fi ashirin a zauren da bai kamata ya ɗauki fiye da goma sha biyu ba, ga zafin Maiduguri. Aikin gida yakan yi mako biyu a hannunsa kafin ya dawo, ko da yake idan ya dawo za ka ga jan biro a kowane layi tare da dalili. Magana da baki kuwa kusan ba a taɓa ta, don haka mai neman iya hira da Turanci ya nemi wani wuri. Amma mai rubuta rahoto, ko takardar koke, ko ɗalibin da ke shirin WAEC, kuɗinsa ba za su tafi a banza ba.

Takarda ta biyar na kai masa kafin in aika. A ciki na kira ambaliyar "disaster", kwanakin da mata da yara suka yi a sansani "ordeal", halin zawarawan layinmu kuma "plight". Ya karanta sau biyu, ya gyara waƙafi ɗaya, ya miƙo min ya ce, "Je ka kai, Allah ya sa a dace."