Ruwan Bagaja ko Shaihu Umar: wanne za a fara saya wa yaro?

Ɗan'uwanmu na wajen Taura ya ce ƙanensa ɗan ajin ƙaramar sakandare ba ya da aiki sai zama a shagon caji ana tura masa finafinai a waya, karatun Hausa kuwa sai ya yi ta in'ina. Kuɗin littafi ɗaya ne a aljihunsa, an ambata masa Ruwan Bagaja da Shaihu Umar, ya rasa wanda zai ɗauka.

Malam, ka ɗauki Ruwan Bagaja. Amma ka tsaya ka ji dalili, don kada ka zaci na raina ɗayan ne.

Littattafan nan biyu sa'annin juna ne. A 1933 Rupert East na hukumar fassara da ke Zariya ya sa gasar rubuta ƙagaggun labarai da Hausar boko, aka buga waɗanda suka yi fice, har da Ganɗoki da Idon Matambayi da Jiki Magayi. Abubakar Imam yana koyarwa a Midil ta Katsina lokacin da ya rubuta Ruwan Bagaja, Abubakar Tafawa Ɓalewa kuma malami ne a Bauchi da ya rubuta Shaihu Umar. Dukansu samari ne da ba su daɗe da haura shekara 20 ba, kuma dukansu sun yi Kwalejin Katsina. Imam ya zama editan jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, Ɓalewa kuma daga baya ya zama Firayim Ministan Nijeriya. To a nan kamarsu ta tsaya.

Ruwan Bagaja littafin baki ne, an yi shi don a karanta da ƙarfi. Gwarzon labarin, Alhaji Imam, ya bar Kwantagora neman ruwan da aka ce shi ne maganin ɗan sarki, saboda an yi wa malamin da ya rene shi dariya a fada da ya ambaci ruwan. Neman ruwan hujjar tafiya ce kawai. Abin da ke riƙe mai karatu shi ne ramuwar gayya tsakaninsa da Malam Zurƙe ɗan Muhamman: yau wannan ya ɗana wa wancan, gobe a wani gari wancan ya rama, kowa kuma da kirarinsa. Dubi inda rigimar ta samo asali. Alhaji ya shiga gari yana malamin ƙarya, Zurƙe mai karatun gaske ya zo zai tona shi. Alhaji ya zana ɗan lanƙwasasshen layi a ƙasa, ya ce a faɗa masa mene ne. Zurƙe ya yi ta jero sunayen baƙaƙen Larabci, Alhaji ya ce ina, jinjirin wata ne. Mutanen gari suka duba, suka ga ai kuwa wata ne, aka kori mai ilimi da ihu. Duk yaron da ya taɓa riƙe allo a makarantar tsangaya zai gane barkwancin nan tun kafin a kai ƙarshen shafi, kuma zai so ya san yadda Zurƙe ya rama. Wannan son sanin shi muke nema wa ƙanenka.

Yana da nasa aibin. Alhaji ba mutumin kirki ba ne, maƙaryaci ne mai damfara, kuma sau da yawa yana cin bulus. Wajen ƙarshe, da aka shiga aljanu da tsuntsaye, sai labarin ya koma kamar na Dare Dubu da Ɗaya, ni kam a nan nake jin ya ɗan yi sanyi.

Shaihu Umar ba ya ba da dariya, bai ma nema ba. Dattijon malami ne a Rauta kusa da Bauchi, almajiransa suka tambaye shi asalinsa, ya zauna yana faɗa musu a natse. An haife shi a Kagara, mahaifinsa ya rasu, mahaifiyarsa ta auri Makau, bafaden da abokan hamayya suka ƙulla wa sharri har sarki ya kore shi. Aka sace Umar yana ƙarami, ya bi ta hannun masu cinikin bayi a Kano, wani Balarabe Abdulkarim ya tsallaka Sahara da shi ya riƙe shi kamar ɗan cikinsa, ya ba shi ilimi. Ɓangaren da ya fi taɓa ni shi ne na uwar. Ta fita neman ɗanta ita kaɗai, aka yaudare ta, ita ma ta faɗa bauta. Yadda suka ƙare na bar maka ka karanta.

Hausarsa tsaf take, ba kwalliya, ba tsalle-tsalle. Kuma yana nuna abin da tsofaffinmu na karkara ba su cika son tayarwa ba: harin bayi, ƙauyen da aka kwana lafiya aka wayi gari babu kowa, ayarin raƙuma da ke tashi daga Kano da mutane a matsayin haja. Abin da wasu ke kuka da shi, Umar ya cika haƙuri, komai ya same shi sai ya miƙa wa Allah, ba ka taɓa jin ya tsine wa bautar kanta. Da gaskiyarsu. Amma babba ne zai iya wannan muhawarar. Yaron da ya saba a yi waƙa da rawa kowane ɗan lokaci a fim zai ajiye shi a shafi na biyar ya koma shagon caji.

Tunda yaron fim ne, ga wani abu: Adamu Halilu ya mayar da Shaihu Umar fim a 1976, tun kafin a san wani abu Kannywood, an kuma gyara shi aka nuna a bikin finafinai na Balin a Jamus a 2018. Tafiyarsa a hankali take kamar ta littafin, kuma ba irin wanda za ka tarar wurin masu turi ba ne, don haka kada ka yi masa alkawari.

In ka shiga Gujungu ranar Lahadi ka leƙa wurin masu baje littattafai, in babu sai ka ba direban Kano saƙo a duba maka a Sabon Gari. Bugun NNPC, kamfanin buga littattafai na Zariya, za ka ce. Ka buɗe ka duba shafukan sun cika, don akwai na jabu masu dishi-dishi. Kada kuma ka miƙa masa ka ce je ka karanta. Bayan sallar isha ka karanta musu babi ɗaya a tsakar gida, ka tsaya daidai inda Zurƙe ya rantse sai ya rama, ka ajiye littafin inda zai gani. Shaihu Umar ka bari sai kaka, in an sayar da riɗi, ka saya wa kanka.