Git diff ya cece ni daren Alhamis, amma ban huce ba tukuna

Na fi shekara biyu ina aiki da Git, manhajar da ke adana tarihin duk canjin da aka yi wa fayilolin aiki, kuma in dai gaskiya za a faɗa, abu uku kawai hannuna ya saba da su: add (shirya canji), commit (ajiye shi), push (tura shi). Shi git diff, umarnin da ke nuna inda aka canza a fayil, sau ɗaya na taɓa buga shi. Allo ya cika da rubutu ja da kore, na rasa hanyar fita, na rufe tagar gaba ɗaya. Daga baya aka ce mini harafin q kawai ake dannawa. Tun ranar ban sake bi ta kansa ba sai makon jiya, shi ma dole ce ta kai ni.

Mu biyu ne muke haɗa wata manhaja ta lissafin kaya. Ranar Laraba komai lafiya lau. Alhamis da daddare sai jimilla ta fara fitowa da giɓi, kullum kaya na ƙarshe ba ya shiga lissafi, ga shi da safe za mu miƙa aiki. Na kira abokin aikina, ya rantse shi bai taɓa komai ba sai wani saƙo da ya gyara wa rubutu. Na ce to, bari mu gani. Na ɗauko lambar ajiyar (commit) Laraba da ta Alhamis na ba git diff, ina jiran ya nuna mini layi biyu ko uku.

Abin da ya fito sai da gumi ya karyo mini. Fayil ɗin mai layi wajen 1,400 ne, kuma duka an nuna an goge su da ja, duka an sake zuba su da kore. Na ɗora layin ja a kan na kore da ido, harafi da harafi, babu bambanci ko na ɗigo. Na ce wannan wane irin shirme ne, abin da aka ce zai nuna mini inda aka taɓa shi ne yake cewa ko'ina an taɓa? Na yi kusan minti arba'in ina gangarawa ina hawa, ina zagin wanda ya ƙirƙiro shi a zuci.

Sai can na lura da wata 'yar alama, ^M, a wutsiyar kowane layi kore. Ashe manhajar rubutun da abokin nawa ya buɗe fayil ɗin da ita ce ta sauya ƙarshen layuka. Windows da alama biyu yake rufe layi, CR da LF, Linux da macOS kuwa LF kaɗai. Ido ba ya ganinsu, amma Git layi-layi yake kwatantawa, ko alama ɗaya ta ƙaru to layin ya zama sabo a wurinsa. Wato bai yi ƙarya ba, ni ne ban iya tambaya ba.

Na ƙara masa --ignore-cr-at-eol. Wallahi kamar an ɗauke hazo. Layi 1,400 suka koma gutsure biyu. Na farko saƙon da mutumin ya ce ya gyara, gaskiyarsa. Na biyu kuwa layi ɗaya ne tal: alamar <= ta koma <, wato alamar = ta ɓace, ga dukkan alamu hannunsa ne ya goge ta bai sani ba. Ga tsohon layin da alamar cirewa a gabansa, ga sabon da alamar tarawa, ga layi uku a sama da uku a ƙasa don mutum ya gane muhallin, sannan can saman gutsuren tsakanin @@ da @@ ga lambar layin, har da sunan sashen manhajar (function) da layin ke ciki. Harafi ɗaya na mayar, jimilla ta dawo daidai. A daren nan da an ce in ba shi maki, goma bisa goma zan ba shi.

Har na ɗan bi tarihinsa don murna. Ashe tsoho ne tukuf: diff na asali a Bell Labs aka rubuta shi don Unix tun shekarun 1970, aikin Douglas McIlroy da James Hunt, dabarar da Git ke bi in ba ka zaɓi wata ba ta Eugene Myers ce ta 1986, shi kansa Git ɗin sai 2005 Linus Torvalds ya fito da shi. Na ce lallai tsohon hannu ne.

To amma tsugune ba ta ƙare ba. Da safe na ƙara wasu 'yan gyare-gyare, na yi git add, na buga git diff don in duba kafin in ajiye. Shiru. Ko layi ɗaya bai nuna ba. Gabana ya faɗi, na ɗauka aikin ya tafi. Ashe in ka buga shi tsurarsa, abin da ba ka yi wa add ba tukuna kawai yake nunawa. In kana son wanda ka riga ka shirya sai ka ce --staged, in duka biyun kake so sai git diff HEAD. To me zai hana ya rubuta ko jimla ɗaya ya ce babu komai a nan amma duba can? Shirun nan ya fi komai ba ni haushi, don mai koyo zai iya sake aikin daga farko saboda tsoro.

Sai kuma batun ɗigo. In ka saka ɗigo tsakanin sunayen reshe biyu (branch, wato layin aiki da ya rabu da wani), ɗigo biyu yana kwatanta kan wannan da kan wancan, ɗigo uku kuma yana nuna abin da reshe na biyu ya ƙara tun daga inda suka rabu. Ka je wurin git log, mai jero tarihin ajiya, ɗigogin nan dai, ma'anarsu daban. Har yau sai na tsaya na yi tunani kafin in buga.

Fayil ɗin bayaninmu ma haka ya yi mini. Kowane sakin layi a layi guda yake, kalma ɗaya ka canza sai ya shafe sakin layin duka da ja. Maganin yana nan, --word-diff, yana ware kalmar da aka sauya ita kaɗai. In ka ɗauke wani gutsure daga saman fayil ka kai shi ƙasa, nan ma gogewa da sabon rubutu zai kira shi sai ka ce --color-moved. Kowace matsala da maganinta, amma duk a ɓoye, sai ka sha wuya ka sani. Ko sunan fayil mai ƙ a ciki, \306\231 yake rubuta mini a madadin harafin, sai da na kashe wani saitin Git mai suna core.quotePath. Hoto ko takardar Word kuwa, cewa kawai zai yi sun bambanta, ka je ka nemo da kanka.

Wani ya ce mini in riƙa saka -w, mai sa git diff ya ƙyale bambancin tazara, kullum in huta. Kada ku biye masa in da yaren rubuta manhaja na Python kuke aiki, don a can tazarar farkon layi ma'ana gare ta, -w kuma ɓoye ta zai yi.

Maki dai na sauko zuwa bakwai. Mun saka * text=auto a fayil ɗin saitin Git mai suna .gitattributes, na buga "git add --renormalize ." don a daidaita ƙarshen layukan, aka sake samun wata ajiya mai ja da kore daga sama har ƙasa. Yanzu in an buga git blame, mai nuna wanda ya taɓa kowane layi a ƙarshe, a fayil ɗin, sunana ne a kan dukkan layukan 1,400, har da waɗanda ban taɓa karantawa ba, kuma abokin nawa da ya jawo abin jiya ya turo mini saƙo yana tambaya me ya sa na rubuta layi na 312 haka.