Yaya, Ga Abin Da Laftof Ɗina Ta Yi Min A Jamus

Yaya barka da war haka, ya jikin Hajiya, ya sanyin Kano. Ka ce kwana biyu na yi shiru, wallahi laftof ɗin nan ce ta sa ni a gaba kusan wata guda, ina tsakiyar aiki sai allo ya koma shuɗi ta mutu ta sake tashi da kanta, wata rana sau biyu wata rana har sau biyar, abin da ban adana ba duk ya tafi.

Na kai ta wani shago, wai sai na karɓi ranar ganin mai gyara kamar asibiti, kuma kuɗin dubawa daban tun kafin a taɓa ko ƙusa ɗaya. Nan na tuna Titin Beirut da Farm Centre, inda yaro zai kwance maka ita a gabanka kana tsaye, ya hure fanka, ya ciro ram, wato ƴar ma'ajiyar da kwamfuta ke riƙe aikin da take kai a cikinta, ya goge ƙafafunta da abin goge fensir, kafin la'asar ka san matsayinka. A nan aikin hannu ne mai tsada, shi ya sa da yawansu sabuwa kawai suke saya. Ranar Lahadi kuwa shaguna a rufe suke ruf.

Amma fa in faɗi gaskiya, kayansu ba algus. Sabon abu doka ta ba ka garanti na shekara 2, in kuma ta intanet ka saya kana da kwana 14 ka mayar ba wanda zai tambaye ka dalili. Tawa dai ta wuce shekara 2, sai na zauna da ita da kaina.

Da farko zafi na zarga don tana haura digiri 90, na buɗe na tarar da ƙura ta toshe bakin fanka kamar auduga, na share na canza man nan da ake shafa wa firosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, don rage zafi. Zafi ya sauka, washegari ta sake mutuwa, ranar raina ya ɓaci sosai. Sai na sa MemTest86, wata manhajar gwada lafiyar ram, a filas na bar ta tana gwaji har asuba, na tashi salla na ga jan rubutu ya cika allo, alamar ram na da matsala. Ram biyu ne a ciki, na riƙa cire ɗaya ina gwada ɗaya, ashe guda ce ta lalace. Na yi odar wata, kwana biyu ta iso, yau sati uku ko gezau.

Ta wajenka da kace tana ɗaukewa, dan Allah kar ka bari a ce maka a sake Windows tukuna, a fara hure ta saboda ƙurar hunturu, a gwada ram ɗin ɗaya bayan ɗaya, kuma ka raba ta da cajar nan mai arha da kake jonawa a janareto. Yara su daina ɗora ta a kan katifa. Ka duba bayanta ka turo min hoton lambar, in ba irin wadda aka liƙe wa ram a jikin bod ba ce zan saya maka ram a nan in ba wa wani mai tahowa Kano bayan salla.