iNaturalist a ƙungurmin daji: yadda take yi idan ta haɗu da baƙuwar bishiya

A gefen dutsen Black Mountain, cikin tsaunukan San Jasinto da ke kudancin Kalifoniya, akwai bishiyoyin sikwaya fiye da 150 a wurin da ba mahaifarsu ba. Gidansu na asali shi ne gangaren yammacin tsaunukan Siyera Nebada, fiye da kilomita 200 a arewa. Hukumar kula da gandun daji ta Amurka ce ta dasa na farkon bayan gobarar da ta cinye wurin a 1974, daga baya suka zubar da iri, wasu suka tsiro da kansu. Irin wannan wuri ne ya dace a auna manhajar gane tsirrai da shi: sabis babu, sai an yi tafiyar ƙafa mai nisa, ita kuma bishiyar ba ta cikin waɗanda ake sa ran gani.

iNaturalist, manhajar waya da ke gane tsirrai da dabbobi daga hoto, kyauta ce, ba ta da talla. Ta faro ne a 2008 a matsayin aikin ɗalibai a Jami'ar Kalifoniya ta Bakli, tun 2023 kuma take cin gashin kanta a matsayin ƙungiyar da ba ta neman riba. Wajen adana bayani da kai shi gaban masana, da wuya a samu wadda ta kamo ƙafarta. Wajen faɗa maka sunan baƙuwar bishiya nan take kuwa, sai ka yi taka-tsantsan da ita.

Dalilin yana cikin yadda aka gina ta. Idan ka ba ta hoto, abu biyu take haɗawa: kamannin abin da ke cikin hoton, da kuma abin da ake tsammanin samu a yankin da kake tsaye. Ga tsirrai 'yan gari wannan dabara ce mai kyau, tana rage shirme sosai. Baƙo kuwa ita ce ke tura shi ƙasan jeri. Sai manhaja ta ɗauko wata bishiyar yankin mai kama da taka ta ɗora a sama, kai kuma ka danna ka wuce. Akwai wata matsalar: nau'in da bai tara hotuna kimanin ɗari a rumbunsu ba, ba a koya wa na'urar shi ba sam, don haka ba zai fito ba ko da hotonka ya fi na kowa kyau. Sikwaya ba ta da wannan damuwar, hotunanta sun yi yawa. Bishiyar da da gaske ba a cika samunta ba ita ce abin ya fi shafa. Maganin farko dai shi ne a buɗe jerin shawarwarin gaba ɗaya, har da waɗanda ba a sa ran gani a kusa ba. In babu wanda ya gamsar da kai, sa babban rukuni kawai, ka ce ɗaya ce daga cikin bishiyoyi masu kwanson iri, ka bar wa masu tantancewa sauran, wato mutanen da ke duba hotuna a manhajar suna jefa ƙuri'a a kan suna. Sunan kuskure ya fi rashin suna wahalar gyarawa, domin sai ƙuri'u sun taru kafin su rinjaye shi.

A San Jasinto, bishiyar da mutane suka fi rikitawa da sikwaya ita ce Calocedrus decurrens, 'yar gari mai jan ɓawo. Daga nesa, idan duk suna ƙanana, kamar an tsaga kara. Amma kama da wane ba wane ba ce. Ganyen sikwaya gajere ne mai tsini, milimita 3 zuwa 6, yana zagaye reshe ta ko'ina, reshen ya fito a murɗe kamar igiya, in ka shafa shi ka ji kaushi. Na ɗayar a shimfiɗe yake, kamar an danne shi da dutsen guga. Kwanson irin ma ya raba gardama: na sikwaya kamar ƙwai yake, santimita 4 zuwa 7, yana iya zama kore a rufe a kan uwar har shekara 20, na ɗayar bai wuce santimita uku da rabi ba, in ya buɗe sai ka ce bakin agwagwa. Ɓawon babbar sikwaya kuma yana da laushi, in ka danna da yatsa yakan ɗan lotsa.

Wannan ya nuna irin hotunan da ake bukata. Manhajar tana karɓar har 20 a shigarwa ɗaya, amma biyar masu kyau sun wadatar: bishiyar sukutum daga nesa, ɓawo daidai ƙirji, ƙarshen reshe kusa-kusa, kwanson iri a tafin hannu ko kusa da abin awo, sai kuma ƙasan bishiyar da abin da ke kewaye da ita. Na reshen za ka sa a farko, domin hoton farko na'urar take dubawa, shi ne kuma masu tantancewa ke gani a jeri. Kuskuren da aka fi yi shi ne ɗaga waya sama a ɗauki rassa da sararin samaniya a bayansu. Hasken sai ya mai da ganyen baƙi ƙirin, ba a ganin komai. Sa tafin hannunka ko hula a bayan reshen, kyamara za ta kama shi ta bar dajin da ke baya. A sani kuma manhajar tana rage girman hoto zuwa fiksel 2048 a gefe mafi tsawo, saboda haka a yanke hoton tun a waya, abin da ake son nunawa ya cika shi.

Batun rashin sabis bai kai yadda ake tsoro ba. GPS da tauraron ɗan'adam yake magana, ba ruwansa da layin waya. Sai dai in babu sabis yakan ɗauki minti ɗaya ko fiye kafin ya kama wuri, a cikin kwazazzabo ko ƙarƙashin rassa masu duhu kuma yakan kauce da mitoci da yawa. Manhajar tana nuna faɗin da'irar kuskure. A tsaya har lambar ta sauko ƙasa da mita 20 kafin a adana. Mai gaggawa zai koma gida da da'irar da ta haɗiye rabin dutse, wanda zai bi sawunsa kuma ya yi ta bulayi. A kashe turawa ta atomatik tun kafin a shiga daji, in ba haka ba waya za ta yi ta neman layi tana shan batiri a banza. Ƙanwarta, Seek, tana gane tsirrai ba tare da intanet ba, ba ta ma neman a buɗe asusu, amma sau da yawa takan tsaya a dangi ta kasa kaiwa ga nau'i, kuma abin da ta faɗa babu ɗan'adam da ya duba shi.

Inda gizo ke saƙa shi ne tambayar nan: dashe ce ko tsiron kanta? A ƙa'idar iNaturalist, bishiyar da mutum ya dasa dashe ce har abada, ko ta shekara hamsin babu mai ba ta ruwa. 'Ya'yanta da suka tsiro daga irin da ya zuba su ne na daji. Kenan a Black Mountain bishiyoyi biyu na iya tsayawa kafaɗa da kafaɗa, nau'insu ɗaya, hukuncinsu daban. Abin haushin shi ne, da zarar ka danna cewa dashe ce, shigarwar ta fita daga jerin da masu tantancewa suka saba dubawa, ba za ta kai matakin bincike (matsayin shigarwar da aka tabbatar da sunanta) ba, ba kuma za ta shiga rumbun GBIF da masana ke ɗiba daga ciki ba. Wato faɗin gaskiya na iya sa a yi watanni babu wanda ya leƙa. Har wa yau, idan a yankin akwai shigarwa goma ko fiye na wannan tsiro, kuma kashi 80 cikin ɗari an ce dashe ne, na'urar da kanta takan jefa wa taka ƙuri'ar dashe. Ga ɗan tsiron da ya fito da kansa, wanda shi ne ainihin labarin, wannan kuskure ne, sai ka shiga shafin ka ƙalubalanci ƙuri'ar. A ganina nan ne tsarin ya fi rauni, kuma gyaransa yana hannun mai shigarwa: ka rubuta hujja. Bishiyoyin a jere suke da tazara iri ɗaya? Girmansu ɗaya? Akwai kufai, tsohon shinge ko turke kusa? Ko kuwa ƙanana ne a warwatse a gangaren da ke ƙasan wata babba? Ka auna kewayen gindin a tsawon mita 1.3 daga ƙasa, ka raba da 3.14, ka rubuta kaurin. Matakin bincike na bukatar kwanan wata, wuri, hoto, da amincewar fiye da kashi biyu cikin uku na masu tantancewa, aƙalla mutum biyu, kuma irin wannan bayani ne ke sa masani ya tsaya a kan taka.

Sai maganar bayyana wuri. Manhajar tana ɓoye wurin nau'o'in da ke cikin haɗari da kanta, amma kada ka dogara da hakan ga baƙuwar bishiya. Ka duba da idonka. Zaɓi uku ne: a fili, a dusashe, ko a rufe. Na tsakiyan yana nuna wa jama'a akwati mai faɗin digiri 0.2 ta kowane gefe, kusan kilomita 20, ainihin wurin kuma yana nan a ajiye, za ka iya buɗe wa wanda ka amince da shi. Ga bishiya tilo da ke nesa da hanya, shi ya fi. Tururuwar masu zuwa kallo na danne ƙasar da ke kan saiwa, saiwar sikwaya kuwa ba ta da zurfi, a kusa da fuskar ƙasa take bazuwa. Rufewa gaba ɗaya kuma na hana masu tantancewa sanin ko a wace nahiya kake, sai su tsallake.