Son zama malamin jami'a a fannin sadarwa tsakanin al'adu: Yamai, Kano ko waje?

Ƙannena masu lisans a hannu, ga yadda nake ganin abin. In burinka koyarwa ne a jami'a to ESSCOM (tsohuwar IFTIC), makarantar koyon aikin jarida ta Yamai, ba ita ce hanyarka ba, makaranta ce mai kyau amma ƴan jarida da ma'aikatan rediyo da tele take horarwa, kai kuwa doktora kake nema: lisans shekara 3, mastar 2, doktora aƙalla 3.

Ni dai zama Yamai a jami'ar Abdou Moumouni na fi so wallahi. Kuɗi kaɗan, kana cin tuwon gidanku, kuma abin da za ka bincika yana bakin ƙofa. Shiga kasuwar Katako ka saurari Bahaushe da Bazabarme suna ciniki, a fara da Zabarmanci a juya Hausa, ko ka leƙa asibiti ka ga likita yana bayani da Faransanci, tsohuwa ta sa ido tana jiran jikanta ya fassara mata, rabin maganar ta zube a hanya, ita kuma kunya ta hana ta sake tambaya. Wannan fa tez ne guda, wato kundin binciken doktora! Ga taubasantaka da UNESCO ta sa cikin gadon duniya a 2014, ga rigimar manoma da makiyaya a yankin Tawa. Ka riƙa bin rubuce-rubucen LASDEL, cibiyar binciken zamantakewa ta Yamai, tun 2001 suke aikin fili a nan. Mafi sauƙi ka shiga ta ƙofar nazarin harsuna ko sosiyoloji, amma ka fara samun malamin da zai duba maka aiki kafin ka biya ko dala.

Kano, jami'ar Bayero, tana da ƙarfi a sadarwa kuma kusa take. Ribarta Ingilishi, don yawancin littattafan fannin nan da shi aka rubuta su. Sai dai ka tabbatar za a amince da takardarka in ka dawo gida.

Dakar ko Faransa kuwa, in ba burs gare ka ba kar ka sayar da filin baba.

Duk inda ka je, CAMES, hukumar ilimi mai zurfi ta ƙasashen Afirka da ke Wagadugu, ita ke duba ƙarin girman malamai, kuma maƙalun da ka wallafa take ƙirgawa, don haka ka tambayi malamin ko yana wallafa aiki tare da ɗalibansa, ka nemi ɗaya daga cikinsu ka ji daga bakinsa.