Masu sayen aishado a onlayin dan Allah ku tsaya ku karanta kafin ku tura kuɗi

Salam 'yan uwa mata, musamman masu sana'ar kwalliyar amare irina. Kwana uku kenan ina ta shawara da zuciyata ko in rubuta ko in bar wa Allah, to jiya sai naga matar da ta sayar min da tsohon aishado (hodar kalar nan da ake shafawa a fatar ido) a matsayin sabo ta sake buɗe wani shafin da sabon suna tana ta zuba kaya a sitatus kamar ba ita ba, nace a'a wallahi shirun ya isa haka. Ba zan kama suna ba dan sunan ma canza shi take kamar zani, abin da zai amfane ku shi ne ku gane yadda take aikin nata.

Ana saura mako biyu babbar Sallah, kun san yadda bukukuwa suke cunkushewa bayan Sallah, ina da amare har biyar a layi kuma kalolin ruwan ƙasa da na gwal ɗina duk sun kai ƙarfe, wato sun kusa ƙarewa, sai wata ta turo min shafinta a Instagram wai kayan ragi ne daga Ingila, wani shago ne ya rufe aka kwaso. Falet, wato ɗan akwatin da ake jera kalolin aishado a ciki, wanda na san kuɗinsa ya haura dubu 40 ita tana bayarwa dubu 11. Ni da bakina nake faɗa wa mutane araha ba ta ado, amma ranar kwaɗayi ya rufe min ido na tura kuɗin guda huɗu, ko a kawo in gani ban ce ba.

Kaya suka iso, kwali tsaf, an naɗe da leda kamar daga kamfani. Ina buɗe na farko wani ɗan wari ya bugo ni, ba ɗoyi ba, irin warin man gyaɗan da ya daɗe a galan aka manta da shi a kicin. Na sa yatsa a kan kalar ruwan ƙasa mai duhu na murza, na duba yatsana babu komai sai ɗan dishi-dishi, saman hodar kuma yana ƙyalli ya yi santsi kamar daɓen siminti. Na fita tsakar gida inda akwai rana na karkata shi, a nan ne jikina ya yi sanyi. Kala uku suna da wani zagaye a tsakiya, shatin kwabo sak, gefe ya ɗan tashi tsakiya ya lotsa. Wata kalar kuma ɗigo-ɗigon tishu ne kwance a kanta, irin tishun kicin mai zane. Ta gwal ɗin ina taɓa ta da buroshi ta farfashe kamar busasshen ƙuli. Sannan a lungun madubi wajen maƙalar murfi ga ƙurar kala ta taru, har da gashin ido guda ɗaya ɗan guntu ya maƙale a ciki. Gashin idon wata baiwar Allah da ban sani ba, a cikin kayan da aka sayar min a matsayin sabo dal.

Bari in yi muku bayanin abin da yasa nace ba sabo ba ne, dan na san wasu za su ce ai ƙila haka kamfanin yake yi. Ita aishado ɗin nan da kuke gani a daskare, gari ce asali, talk ko maika da sinadarin kala, sai a haɗa da abin da zai riƙe ta, yawanci zinc stearate ko magnesium stearate da ɗan mai ko silikon irin su dimethicone, in kun juya bayan kwalin za ku ga sunayen a rubuce. Daga nan inji ya danne ta cikin 'yar farantin ƙarfe da ƙarfi iri ɗaya, shi yasa sabuwa za ki ga samanta a baje daidai, zanen kanta ko tambarin kamfani ya fito raɗau, kuma duk kalolin tsayinsu ɗaya. To wannan ɗan man da ke ciki shi ne yake tsufa. In ya daɗe ko dai ya bushe hodar ta riƙa marmashewa tana zuba a kumatu, ko ya lalace ya fara wannan warin da na ji. Shi kuma ɓawon nan mai ƙyalli da yake hana kala ɗaukuwa, galibi daga maiƙon fatar mutum yake zuwa, a shafa a fatar ido a dawo da buroshi ko yatsa cikin hodar, yau da gobe maiƙon ya haɗu da garin ya yi tauri a sama. Duk mai kwalliya ta san shi, nima tsofaffin falet ɗina suna yi, kuma in naki ne kin san fuskar da ta taɓa shi ba wani tashin hankali ba ne. Amma a ce kin yage leda yanzun nan kin tarar da ɓawo, kuma a kan kalolin da aka fi amfani da su kaɗai, shuɗi da kore da ba mai taɓawa suna nan lafiya lau, to wannan ba ya buƙatar malamin duba.

Abin da take yi, kuma na tabbatar dan mu uku muka haɗa kayan da muka saya muka jera a tabarma, gwanjo take saye. Falet ɗin da wasu suka yi amfani da su suka gaji, da waɗanda suka fashe a hanya, da waɗanda suka shekara da shekaru a sito. Sai ta kankare saman, wanda ya fashe ta niƙe shi ta ɗiga sifirit ta kwaɓa, ta ɗora tishu ta danne da kwabo ko murfin kwalba, ta bari ya bushe, ta goge madubi ta mayar kwali ta naɗe da leda. Ledar nan fa ba wani abu ba ne, da na'urar busar da gashi ma ana ƙame ta. Ita dabarar sifirit ɗin ba ita ta ƙirƙiro ba, mu ma muna yi in namu ya faɗi ya fashe dan kar a yi asara, amma sifirit ba ya mayar da tsohon mai sabo kuma ba ya wanke duk abin da ya shiga cikin hodar a hannun mutanen da ba ki sani ba.

Allah ya rufa min asiri ban sa wa amarya ba. Ƙanwata ce ta ɗauki ɗaya kafin in gama bincike, tace Yaya ai kalar ta yi kyau bari in gwada, ta shafa da yamma, kafin asuba fatar idonta ta kumbura ta yi ja ga ƙaiƙayi ga kwantsa, bayan kwana biyu hazbiya ta fito. Ranar kuwa ba abin da ta sa a ido sai shi, ko kwalli ba ta zizara ba. Sai da muka je asibitin ido aka ba ta maganin ɗigawa aka ce ta huta da kwalliya. Ku yi tunanin a ce amaryar mutane ce ranar kamu, ina zan sa kaina.

Da na yi wa matar magana da hotuna, cewa tayi haba Hajiyata ai zafin Kano ne, ki manna salatef a kai ki ɗaye zai dawo daidai. Kun ji fa, ta ma san maganin ɓawon, wanda ya nuna ba yau ta fara gani ba. Eh gaskiya ne zafinmu yana taɓa kayan kwalliya, a Afrilu da ake haura digiri 40 in kin bar falet a mota za ki ga ya yi gumi, ɗan mai ya tsattsafo a kan masu ƙyalƙyali, da damina kuma danshi yana sa hoda ta ɗan dunƙule, amma zafi ba ya zana kwabo kuma ba ya tsiro da gashin ido. Da nace mata to lambar da ke bayan falet ɗin fa me yasa aka goge, har wurin ya yi fari-fari, sai tace wai ai hoda ba ta esfaya tunda ba ruwa a cikinta. Daga nan ta yi bulokin ɗina.

Wannan maganar tata ita ce ta fi ba ni haushi dan rabinta gaskiya ce, da ita kuma take cin mutane. Hoda busasshiya ta fi maskara da fandeshan daɗewa tunda ƙwayoyin cuta sun fi son inda ke da laima, kuma a Amurka doka ba ta tilasta rubuta ranar ƙarewa a jikin kayan kwalliya ba, shi yasa za ki ga orijina ma ba kwanan wata. Amma ki duba bayan falet, akwai hoton 'yar kwalba da murfi a buɗe an rubuta 12M ko 24M a jiki, ma'ana wata 12 ko 24 daga ranar da aka fara buɗewa. To wanda aka buɗe a ɗakin wata tun ban san yaushe ba, daga ina za ki fara ƙirga. Ga shi ba lambar NAFDAC, lambar kamfanin da za a gane lokacin da aka yi shi kuma an share.

Ɗaya daga cikin huɗun ma ina kyautata zaton jabu ne gaba ɗaya dan rubutun jikinsa ya karkace. Kar ku ɗauka jabun kayan kwalliya wasa ne, a 2018 'yan sandan Los Angeles sun kama na kimanin dala dubu 700 a kasuwa, da aka gwada aka samu ƙwayoyin cuta har da kashi a ciki.

Yanzu ni dai ba na biya sai an kawo na buɗe a gaban ɗan aike, na fita da shi rana na karkata na shinshina, in mai kaya ta ce ba a buɗewa sai an biya nace ta riƙe abinta. Kafin nan ma sai ta turo min hoton saman kalolin dab da dab da hoton bayan falet ɗin inda lamba take, ba hoton da ta ɗauko daga shafin kamfani ba. Ita wannan ba ta taɓa ɗora hoton ciki a kusa, kullum daga nesa kuma da fitila mai haske ta wanke komai, kuma a sabon shafin ma kalmar tana nan, kayan ragi daga Ingila shago ne ya rufe, shagon nan tun bara yake rufewa bai gama ba. Falet huɗun suna nan a wurina ban zubar ba, gobe in Allah ya kai mu ni da sauran biyun za mu kai su ofishin NAFDAC tare da shaidar tiransifa ɗinmu, duk wadda ta saya ta ga irin wannan zagayen ta ajiye nata kar ta yar.